Allon bango da allon hannu

Ɗan ƙanwata yana aji huɗu a wata firamaren gwamnati a nan cikin garin Kaduna. Wata Asabar ya zo gidana, na ce ya ɗauko littafinsa na rubutu in gani. Masha Allah, shafi bayan shafi, rubutu tsaf, ga jan biron malama a gefe. Na ɗora yatsa a layin farko na ce ya karanta min. Ya dubi layin, ya dube ni, ya ce, "Kawu, ai ba a ce mu karanta ba, cewa aka yi mu kwafa." Na rubuta masa kaza a bayan wata takarda. Sunayen haruffan ya san su da Turanci, yana rera su kamar waƙa, amma a haɗa ka da za su tashi kaza, nan ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Da la'asar wannan yaron ne dai ya ɗauko allonsa na makarantar allo yana bi da yatsa. Na tsallake da shi zuwa tsakiyar layi don in ga ko hadda ce kawai. Ya ɗan tsaya, ya haɗa baƙi da wasali, ya fitar da kalmar daidai. Kai ɗaya, malamai biyu. Wanda ba shi da albashi, ba shi da benci, ya koya masa karanta rubutun harshen da ba ya ji. Wadda ke da takardar NCE da manhaja da allon bango, shekara huɗu ba ta kai shi ga karanta harshen da yake mafarki da shi ba. Ban ɗora wa malamar laifi ba, zan zo kan dalili. Amma tun ranar nake bibiyar abin da masu binciken ilimi suka gano game da yadda yaro ke koyon karatu, kuma abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda sakamakon bincikensu ke ta kewaye yana dawowa kusa da buzun malamin allo.

Matsalar ba tamu ce mu kaɗai ba. A 2022 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, yara 70 cikin 100 masu shekara goma ba sa iya karanta gajeren labari su gane abin da ya ƙunsa, a Afirka kudu da Sahara kuwa adadin ya kusa 90. Wani gwajin karatu da ake yi wa yara ba shi da wuya: a ba yaro ɗan labari, a danna agogo na minti ɗaya, a ƙirga kalmomin da ya karanta daidai, sannan a yi masa tambayoyi. Da aka yi irinsa da Hausa a Bauchi da Sakkwato a farkon shekarun 2010, mafi yawan 'yan aji biyu da aji uku ko kalma ɗaya ba su fitar ba.

Ta yaya ake sanin wace dabara ce ke aiki? Kamar yadda manomi mai hankali ke gwada taki. Ba ya zuba sabon taki a fadama ya kwatanta da jigawa. Gona ɗaya yake rabawa, rabi a sa, rabi a bari, a jira kaka. Haka masu bincike ke ɗaukar makarantu masu yawa, su jefa ƙuri'a, wasu a kai musu sabon tsari, wasu a bar su yadda suke, bayan shekara a gwada yaran duka. Ƙuri'ar ce ke hana a ce ai makarantun da aka zaɓa dama sun fi kyau. Irin wannan aiki ne ya sa aka ba Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Michael Kremer kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019.

Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen farko a yammacin Kenya aka yi shi, a tsakiyar shekarun 1990. Aka raba wa makarantu littattafan karatu, kowa na jiran sakamako ya tashi. Bai tashi ba, sai ga 'yan tsirarun da dama su ne a gaban aji. Da aka bi ba'asi, sai aka ga littattafan da Turanci suke, an kuma rubuta su don yaron da ya riga ya iya karatu. Ragowar yaran an miƙa musu abin da ba za su iya buɗewa ba. Duk wanda ya taɓa ganin bikin raba littattafai a talabijin, da kwamishina da 'yan jarida da yara sun ɗaga littafi sama, ya kamata ya riƙa tuna wannan labari.

Daga Indiya aka gano bakin zaren. Wata ƙungiya mai suna Pratham ta fara ɗaukar 'yan mata daga cikin unguwa a Mumbai da Vadodara, ba masu babbar takarda ba, suna ware 'yan aji uku da huɗu da aka bari a baya, su zauna da su awa biyu a rana kan haruffa da ƙirga. Yaran suka motsa, waɗanda suka fi rauni su suka fi amfana. Daga nan tsarin ya girma ya zama abin da ake kira koyarwa daidai da matakin yaro. A gwada kowane yaro shi kaɗai, a ga a ina yake: bai san harafi ba, ko ya san harafi, ko yana haɗa kalma, ko yana karanta sakin layi, ko cikakken labari. Sai a ajiye maganar aji da shekaru na ɗan lokaci, a haɗa yara bisa matakinsu, wanda ya ƙware a matsa da shi gaba.

Abin da ya fi jan hankalina a labarin Indiya shi ne inda abin ya ƙi. A jihohin Bihar da Uttarakhand an horar da malaman gwamnati, an ba su kayan aiki, aka ce su yi a cikin lokacin darasi. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, domin malaman sun karɓi kayan suka ci gaba da bin manhaja kamar da. Amma malaman Bihar ɗin nan, da aka sa su koyar a ajin hutu inda babu manhajar da ke bin su, yara sun koya. Ashe iyawa ba ta ɓace musu ba, tsarin ne ya ɗaure su. A Haryana sai aka ware awa guda a jadawalin kowace rana, aka sa masu duba makarantu su fara koyar da yara da kansu kafin su duba wani, abin ya yi aiki. A Uttar Pradesh aka yi zaman koyo na kwanaki kusan hamsin a rarrabe, a ƙarshe kimanin rabin yaran na karanta sakin layi ko labari, a makarantun da ba a yi ba kuwa kimanin ɗaya cikin huɗu.

To, mai karatu, ajiye Indiya ka shiga kowace makarantar allo a Tudun Wada ko Rigasa ko Unguwar Sanusi bayan asuba. Hayaniya ce za ta fara tarbarka, kowa na ɗaga murya da nasa karatu, wanda bai sani ba sai ya ce rikici ne. Duba da kyau. Babu allo biyu masu rubutu ɗaya. Wannan ƙolo yana babbaƙu, yana koyon baƙaƙe tsirara da sunayen da kakanninmu suka laƙaba musu da Hausa don su zauna a kai: ambaƙi, wau, zal, min jaye, ha kuri, kaulasan. Na kusa da shi ya shiga farfaru, an ɗora masa wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a da ɗauri. Wancan yana izu uku, wancan ya doshi sauka. Kowa zai zo gaban malam ko gardi ya biya, shi kaɗai. Idan ya kawo daidai a ce ya je ya wanke, a yi masa ƙari. Idan ya yi tuntuɓe, allon nan ba ya ganin ruwa, ko da sa'ansa ya wuce shi da sura biyar. Ba a taɓa jin an ce zango ya ƙare, kowa ya wanke allo a wuce gaba ba.

Gwajin kowane yaro shi kaɗai, farawa daga inda yake, harafi kafin gaɓa, gaɓa kafin kalma, ƙwarewa kafin ƙari, manya su taimaki ƙanana: abin da aka kashe shekaru da miliyoyin daloli ana tabbatarwa da ƙuri'a ke nan. Ajin boko kuwa kalanda yake bi. Mako na shida akwai darasin mako na shida, ko yara sun gane na mako na biyu ko ba su gane ba. Malama ta cika allon bango, ta karanta, yara su amsa baki ɗaya, su kwafa. A cikin amshin nan yaro biyar ne ke karatu, sauran suna bin bakinsu ne, kuma babu hanyar da malama za ta bambance. Ƙarshen shekara kowa ya haye aji na gaba. Yaron da harafi ya kuɓuce masa a aji ɗaya, babu ranar da manhaja za ta waiwayo ta ɗauke shi, sai dai ya yi ta zama a benci, in akwai bencin, har ya gama aji shida.

Kada a ce na mai da makarantar allo aljanna. Yaro na iya shekaru yana karanta abin da bai san ma'anarsa ba, sai ya kai matakin ilimi ake fassara masa, alhali karatun da rayuwar yau ke nema shi ne a karanta a gane, a kuma rubuta abin da ke cikin rai. Babu lissafi. Akwai dorina. A tsangayun da yara ke nesa da iyaye akwai bara da yunwa da kwanan da bai dace da ɗan adam ba, kuma mun ga yadda aka yi ta kwasar almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu a 2020 lokacin korona. Yaro mai sanyi na iya maƙalewa a allo ɗaya wata da watanni ba wanda ya sauya masa dabara. Magana nake kan abu guda: yadda ake tafiyar da yaro daga mataki zuwa mataki. A wannan kam allon hannu ya fi allon bango.

Abin takaici, duk lokacin da hukuma ta tashi haɗa karatun allo da na boko, hanya ɗaya kayan ke bi. Gwamnatin Goodluck Jonathan ta gina makarantun almajirai 157, ta buɗe ta farko a Gagi ta Sakkwato a 2012, da yawansu suka zama kufai ko aka mai da su wani abu daban. Gini aka kai da benci da allon bango. Shirin ESSPIN na Birtaniya, wanda ya yi aiki a jihohi shida har da Kaduna daga 2008 zuwa 2017, ya fi dabara, domin ya nemi yardar alarammomi, ya ɗauki matasan unguwa su koyar da almajirai karatu da lissafi na 'yan awanni ba tare da an raba su da malaminsu ba. Amma ban taɓa jin an ɗauki alaramma an kai shi kwalejin horon malamai ya nuna yadda yake riƙe da matakin yaro sittin a kansa ba tare da rajista ba. Kullum shi ne wanda za a gyara.

Mu dawo kan malama. Na je makarantar yaron na same ta lokacin tara, tana zaune bakin baranda da tarin littattafai tana sa hannu. Na faɗa mata abin da na gani, cikin ladabi. Ba ta musa ba. Ta ce, "Malam, na san waɗanda ba su iya ba, in ka so in lissafa maka su. Amma leƙa ajin ka gani." Na leƙa. Yara sun haura ɗari, rabi a ƙasa. Ta ce idan masu duba makaranta suka zo, littafin shirin darasi suke tambaya, su ga ko ta kai inda manhaja ta ce. Ba a taɓa kiran yaro an ce ya karanta ba. Idan ta tsaya koyar da ba, be, bi a aji huɗu, ita za a rubuta. Na tuna malaman Bihar.

Jiharmu ta yi suna a Najeriya kan gyaran ilimi, kuma gyaran ya fi karkata ga wane ne ke tsaye gaban aji. A Janairun 2016 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta fara ciyar da 'yan firamare, yara suka yi ta kwarara, ajujuwa suka cika suka batse. A 2017 aka yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 ba, aka sallame su, aka sanar da ɗaukar sababbi 25,000, ƙungiyar malamai ta NUT ta tafi yajin aiki a farkon 2018. A 2022 aka sake sallamar 2,357. An yi ta jayayya kan adalcin jarrabawar, ba ita ce gabana ba yau. Wanda bai iya lissafin aji huɗu ba ba zai koyar da shi ba, wannan ba ya buƙatar bincike. Sai dai cin jarrabawa abu ne daban, iya kai yaro daga harafi zuwa kalma abu ne daban. Sabon malami mai digiri, in aka jefa shi ajin yara ɗari da manhajar da ke gudu da sufeton da ke duba takarda, allon bango zai cika shi ma, sai dai nasa rubutun ya fi kyau.

Kenya ta sake ba da darasi a nan. Tsakanin 2012 da 2014 an gwada wani shiri mai suna PRIMR, aka rarraba shi don a ga wane sinadari ne ke ɗaga miyar. Wasu makarantu bita kawai aka yi wa malamansu tare da mai zagayawa yana taimaka musu, abin bai taka kara ya karya ba. Wasu aka ƙara musu littafi ɗaya ga kowane yaro, aka ɗan ga motsi. Inda aka haɗa har da littafin jagoran malami, mai nuna abin da za a yi a darasin yau daki-daki, nan ne aka ga bambanci na gaske. Daga 2015 aka baza shi a firamaren gwamnati na ƙasar duka da sunan Tusome. Akwai masu cewa ba malami darasi a rubuce raini ne. Ina jin su. Amma malamar da ke da yara ɗari, ga girki na jiran ta a gida, ga albashin da ba ya kai tsakiyar wata, ba na jin za ta ƙi a sauƙaƙa mata. Mu kuwa bita muka iya: kwana uku a otal, a ci abinci, a karɓi alawus, a koma aji a ɗora daga inda aka tsaya.

An yi irin na Kenya da Hausa, ba a nesa ba. Shirin RANA a Katsina da Zamfara ya kai littattafan Hausa da jagoran malami firamare da makarantun Alƙur'ani da aka shigar wa darussan boko. Shirin Mu Karanta ya yi a Bauchi da Sakkwato. Koyarwa daidai da matakin yaro an gwada ta a Barno da Kano, shirin PLANE na Birtaniya kuma ya zo Kaduna da Kano da Jigawa. Kayan suna nan, an riga an rubuta su. Ciwon shi ne dukkansu da kuɗin baƙi aka yi su, ranar da shiri ya naɗe tabarma sai mai zagayawa ya rasa kuɗin man babur, littafi ya yage ba a sake bugawa. Kuma ko a ƙasashen da abin ya yi kyau, sakamakon da ake samu a makarantu ɗari ƙarƙashin idon masu bincike yakan ragu idan aka kai shi makarantu dubu.

Sai maganar harshe, inda nan ne gizo ke saƙar. Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a koyar da yaro da harshen gida ko na yankinsa a shekarun farko na firamare, ba a dai bi ba. Daga 1970 zuwa 1978 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife sun koyar da wasu yara komai da Yarabanci shekara shida, Turanci kuma a matsayin darasi, yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a wasu darussan ma sun fi su. Masu suka sun ce ai an ba ajin gwajin ƙwararren malamin Turanci da kayan aiki na musamman, kuma sukar tana da tushe. A Nuwamban 2022 Minista Adamu Adamu ya sanar da koyarwa da harshen uwa har aji shida. A Nuwamban 2025 Minista Tunji Alausa ya soke, ya ce a koma Turanci. A tsakanin nan ba littattafai aka wadata ba, ba malamai aka horar ba, don haka abin da aka soke takarda ce.

Ni a ganina dalilin fara karatu da Hausa ga yaron da ke jin Hausa ba kishin harshe ba ne. Rubutun Hausa yana da gaskiya: abin da ka gani shi za ka faɗa, ba, be, bi, bo, bu, in ka san baƙaƙe da wasula biyar ka kama hanya. A Turanci harafi ɗaya na iya sauti uku ko huɗu. Yaron da aka fara da Turanci ana neman ya koyi sirrin rubutu da sabon harshe a lokaci guda, daga bakin malamin da shi ma Turancin bai zauna masa ba. Dabarar haɗa harafi sau ɗaya ake koyon ta, in ta zauna sai ta bi yaro zuwa kowane harshe. Iyayenmu sun ga haka a shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, da aka riƙa buga littattafai a Zariya ana koya wa magidanta karatu da Hausa a zaure, suka koma masu karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo da rubuta wasiƙa da hannunsu. Sai dai Kaduna ba Katsina ba ce. Akwai ɗan Bajju da ɗan Atyap da ɗan Ham da Gbagyi da Adara, akwai ɗan Fulani a Ladduga wanda Fulatanci ya tashi da shi, akwai aji a Sabon Tasha ko Kakuri da za ka tarar da harsuna goma. Doka ɗaya daga Abuja, ko ta Turanci ko ta harshen uwa, ba za ta dace da waɗannan ajujuwa duka ba. Makaranta ce ya kamata ta duba harshen da yaranta ke wasa da shi a fili. Ga Cibiyar Malamai ta Ƙasa a kan hanyar Zariya tun 1976, ga Hukumar Ilimin Makiyaya da hedikwatarta a garin nan, ga Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello, ga kwalejin Gidan Waya. Babu jihar da ta fi mu wuraren da za su iya zama su gwada wannan da ƙuri'a a makarantunmu, maimakon kullum mu jira labarin Kenya.

Shi kuwa ɗan ƙanwata, na yanka kwalin taliya na rubuta gaɓoɓi a kai da maka. Bayan magariba minti goma sha biyar, yana jera ka da za, ya sauya za da ra, ya yi dariya da kaza ta koma kara. Da na ce masa baƙi ne da wasali kamar na allo, sai ya ce, "Au, farfaru ne?" Daga nan abin ya yi sauri. A mako na uku muna tafe a layinmu ya tsaya gaban wata ƙofa yana motsa baki, can ya ce, "Kawu, ana sayar da ƙanƙara a gidan nan." Ranar Litinin ya koma aji, aka cika allon bango da darasin mako na tara, ya kwafa tsaf, malama ta sa masa jan biro.